Yadda ake yawon keke a bakin kanal ɗin Rhein-Herne, yankin Ruhr na Jamus

Kanal kogi ne da mutane suka haƙa domin jiragen dakon kaya, kuma ruwansa a kwance yake, ba ya gudu. Shi ya sa hanyar da ke bin gefensa take a shimfiɗe, babu hawa babu gangara sai inda aka zo gada ko matakalar jirage, wato wurin da ake ɗaga jirgi ko a saukar da shi daga wani tsayin ruwa zuwa wani. Wanda ya daɗe bai hau keke ba, ko mai tafiya da yara, da wuya ya samu hanyar da ta fi wannan sauƙi. A yankin Ruhr da ke yammacin Jamus, inda aka yi fiye da shekara ɗari ana haƙar kwal da narka ƙarfe, kanal ɗin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne Rhein-Herne. An buɗe shi a 1914. Tsawonsa kimanin kilomita 45 ne, daga Duisburg ya ratsa Oberhausen, Essen, Gelsenkirchen da Herne, har ya haɗu da kanal ɗin Dortmund-Ems a Henrichenburg.

Kada wannan 45 ɗin ya ruɗe ka, tsawon ruwan ne kawai. Mai keke zai riƙa kauce wa tashoshin lodi da masana'antun da suka tare bakin ruwa, zai tsallaka gada ya koma ɗaya gefen sau da yawa, zai kuma ratse don ganin wuraren da suka kawo shi. In an haɗa duka, tafiyar takan kai kilomita 60 zuwa 70. Mai ƙarfi zai iya cinye ta a yini ɗaya, amma ba abin da zai gani sai ruwa da ƙafafunsa. A raba ta kwana biyu, a yi lissafi da kilomita 12 zuwa 15 a awa, sannan a ware wa tsaye-tsaye lokaci daidai da na tuƙi.

Lokaci da alƙibla

Daga Mayu zuwa Satumba ne lokacin tafiyar. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura na dare, don haka yinin yana da tsawo sosai. A fara daga yamma a nufi gabas, wato daga Duisburg, domin iskar yankin galibi daga yamma ko kudu maso yamma take kaɗawa. A bakin kanal babu abin da ke tare iska, kuma wanda ya yi awa uku tana bugun ƙirjinsa zai gaji kamar wanda ya hau dutse. A guji sa tafiyar ranar Litinin, saboda yawancin gidajen tarihi a rufe suke. Ranar Lahadi kuwa kantuna ne a rufe, hanyar ma takan cika da masu yawo da karnuka. Farkon Agusta ana yin babban bikin Cranger Kirmes a Herne, daf da kanal, kuma cunkoson jama'a a wannan yanki yakan tilasta wa mai keke sauka ya tura.

Keken da ya dace

Hanyar ba iri ɗaya ba ce. Wani wurin kwalta ne, wani wurin tsakuwa ce 'yar ƙanana da aka daddaɓe, wani wurin kuma saiwar itace ta tura kwaltar ta yi ƙusumbi. Keken tsere mai siririyar taya zai wahalar da kai a nan. A nemi taya mai faɗin milimita 37 zuwa 47. Lambar tana rubuce a gefen tayar, kamar 40-622, inda ta farko take nufin faɗi. Iska kuwa a sa kamar bar 3.5 zuwa 4.5 (bar ma'aunin ƙarfin iskar taya ne), gwargwadon nauyin mahayi da kayansa, kuma kada a wuce iyakar da ke rubuce a tayar. In iska ta yi yawa keken zai riƙa tsalle a kan tsakuwa, wuyan hannu ya yi tsami. In ta yi kaɗan, da an bugi bakin dakali ƙarfen ƙafar zai matse tub ya huda shi wuri biyu a jere. Giya uku zuwa bakwai ta wadatar, tunda hawan da za a yi bai wuce na gada ba.

Wanda zai yi haya, akwai wuraren ba da hayar keke da gyara a manyan tashoshin jirgin ƙasa, ana kiransu Radstation. Akwai kuma kekunan metropolradruhr da ake buɗewa da waya, sai dai su don gajeriyar tafiya cikin gari aka yi su, suna da nauyi, ba su dace da yini guda ba. Kafin a bar wurin hayar a duba abu huɗu. Na farko birki: kekunan Jamus da yawa birkinsu na baya a feda yake, sai an taka baya yake kamawa, kuma wanda bai saba ba yakan kama shi bisa kuskure lokacin da yake gyara ƙafa. A gwada shi sau biyar ko shida a fili. Na biyu tsayin sirdi: a ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe sak, da haka in an mayar da gaban ƙafa gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa shi ne ke kawo ciwon gaban gwiwa bayan kilomita 20. Na uku kan bawul: iri uku ake amfani da su a Jamus, na mota mai kauri, siriri na Faransa, da wanda suke kira Dunlop, kuma ba kowane famfo ne ke shiga dukansu ba. A gwada famfon a kan tayar tun a shagon. Na huɗu fitila da ƙararrawa, domin dokar ƙasar ta wajabta farar fitila a gaba, ja a baya, ƙararrawa, da birki biyu masu aiki kowane da kansa.

Kaya a sa su a jakunkunan da ake ratayawa a kariyar bayan keke, a raba nauyin daidai hagu da dama. Jakar goyo tana jiƙa baya da gumi, tana kuma ƙara wa mazauni nauyi a kan sirdi. Abin da ya kamata ya shiga: tub ɗaya sabo daidai da lambar tayar, faci da sholisho, ƙarafan cire taya biyu ko uku, famfo, makullan alan na milimita 4, 5 da 6, sifana mai lamba 15 in ƙafar da noti aka ɗaure ta, kwaɗon kulle keke mai ƙarfi, rigar ruwa, da gorar ruwa biyu. A lissafa rabin lita a kowace awa, fiye da haka in ana zafi. Ruwan famfon Jamus ana shansa, ana iya cika gora a masauki. Hular kwano doka ba ta tilasta ta ba, amma a sa.

Karanta alamomi, da dokar hanya

Alamomin keke a wannan jiha ta Nordrhein-Westfalen farare ne da jan rubutu, suna nuna sunan gari da nisa. A manyan mahaɗu akwai lamba a saman sandar, da taswirar yankin a gefe. Tsarin shi ne mutum ya rubuta jerin lambobin da zai bi a takarda ya liƙa a kan keke, sai ya riƙa tafiya daga lamba zuwa lamba. Tsakanin mahaɗa da mahaɗa ƙananan alamomi ne masu hoton keke da kibiya kawai. In an yi kamar kilomita ɗaya an wuce mararraba biyu ba a ga ko ɗaya ba, an ɓace. A koma alama ta ƙarshe da aka gani, ya fi a yi ta cinke. Kalmar da za a fi cin karo da ita ita ce Umleitung, wato an karkatar da hanya. Gadojin kanal ɗin da yawa sun tsufa ana sabunta su, kuma kowane aikin gada yakan toshe hanyar da ke ƙarƙashinsa. A bi karkatarwar ko da ta yi kamar tana nesanta mutum da ruwa. Masu kutsawa ta gefen shinge sukan tarar da katanga a gaba, su dawo.

A Jamus dama ake bi, a wuce ta hagu. Hanyar bakin kanal asalinta ta hukumar kula da hanyoyin ruwa ce, don motocin aikinta, an dai bar jama'a su bi bisa alhakin kansu, kuma masu tafiya a ƙasa suna da haƙƙi a kanta kamar mai keke. A buga ƙararrawa tun daga nesa, kamar mita 20, don in an buga ta a bayan kunnen mutum tsalle zai yi, sau da yawa ma ya faɗo gabanka. Riƙe waya a hannu ana tuƙi tararsa yuro 55 ce. A ɗaure ta a kan keke ko a tsaya. Yaron da bai kai shekara 8 ba, a cikin gari gefen masu tafiya a ƙasa zai bi, kuma babba ɗaya na iya raka shi a nan. Lambar agajin gaggawa 112 ce. A bakin ruwa akwai allunan da ke nuna kilomitar kanal, su ne abin da za a faɗa wa masu agaji don su san inda ake.

Rana ta farko: Duisburg zuwa Gelsenkirchen

Daga tashar jirgin Duisburg a nufi Ruhrort, inda kogin Ruhr ke shiga kogin Rhein. Tashar jiragen ruwan nan ita ake ɗauka mafi girma a duniya cikin waɗanda ba a bakin teku suke ba. Wannan ne ɓangaren da ya fi hayaniya a duk tafiyar: manyan motoci, layin tarago a tsakiyar titi, gadoji masu iska. Layin dogo a tsallake shi a gicciye sosai. In aka shige shi a karkace taya za ta faɗa cikin ramin ƙarfen, kuma faɗuwa ce babu makawa, musamman in an yi ruwa.

Ratsen farko shi ne Landschaftspark Duisburg-Nord a Meiderich, 'yan kilomitoci arewa da kanal. Masana'antar narka ƙarfe ce ta kamfanin Thyssen da ta daina aiki a 1985, aka bar ta a tsaye aka mai da ita wurin shaƙatawa. Shiga kyauta ne. Ana hawa tanderu mai lamba 5 ta matakalar ƙarfe har kimanin mita 70, daga can a hango masana'antun da har yau suke hayaƙi a bakin Rhein. A ba wa wurin awa ɗaya da rabi. Wanda yake son sallar Azahar cikin jam'i, babban masallacin Marxloh da aka buɗe a 2008 ba shi da nisa daga nan, unguwar kuma cike take da gidajen abincin Turkawa.

A Oberhausen za a fara ganin wata gada mai launi-launi da aka naɗe da zobban ƙarfe kamar sifirin, aikin Tobias Rehberger, kusa da lambun Kaisergarten. Gaba kaɗan Gasometer ne, katafaren tankin gas da aka gina a 1929, tsayinsa mita 117.5. An daina ajiye gas a cikinsa a 1988, yanzu baje koli ake yi a ciki, ana kuma hawa rufinsa. A duba tun kafin a taso ko a buɗe yake, don yakan rufe tsakanin wani baje koli da wani.

Daga nan zuwa Gelsenkirchen wani ruwa zai riƙa bin kanal ɗin ta arewa, wani lokaci tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce jifa ba. Kogin Emscher ke nan, kuma labarinsa shi ne labarin yankin. Haƙar kwal ta sa ƙasa ta yi ta lotsawa, a wasu wurare fiye da mita 20, duk bututun da aka binne sai ya karye. Sai aka mai da kogin kansa buɗaɗɗiyar kwata, aka shafe shi da siminti, ya yi kusan shekara ɗari yana ɗaukar ƙazantar garuruwa. Da haƙar ta ƙare (mahaƙa ta ƙarshe, Prosper-Haniel a Bottrop, an rufe ta a Disamban 2018) aka gina babban bututu mai kilomita 51 a ƙarƙashin ƙasa, kuma tun ƙarshen 2021 ƙazanta ba ta shiga kogin. Lotsawar nan ce ta sa a wasu wurare mai keke zai ga rufin gidaje a ƙasa da ruwan da yake bi, kuma injinan zuƙar ruwa ba sa hutawa a yankin.

Zangon ranar shi ne Nordsternpark, tsohuwar mahaƙar da aka rufe a 1993 aka yi baje kolin lambuna na ƙasa a filinta a 1997. Jar gada mai baka biyu ita ce alamarsa. In da sauran ƙarfi, daga nan akwai hanyar keke ta kimanin kilomita 5 zuwa Zollverein a Essen, mahaƙar da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2001. Amma ita ta cancanci rabin yini nata, ba a haɗa ta da gajiyar yamma. Wajen masauki a nemi mai alamar Bett+Bike: suna karɓar baƙon dare ɗaya, suna da ɗakin kulle keke.

Rana ta biyu: matakalun jirage har zuwa Henrichenburg

Matakala biyar ce a kanal ɗin, Jamusawa na ce musu Schleuse: Meiderich, Oberhausen, Gelsenkirchen, Wanne-Eickel da Herne-Ost. Uku na ƙarshe duk a wannan rana za a wuce su, a wajen kilomita 23, 31 da 37. A tsaya a ɗaya a kalli yadda take aiki daga farko har ƙarshe, abin bai wuce rabin awa ba. Jirgi mai tsawon mita 85 ko 110 yana shiga wani dogon ɗaki na kankare, tsakaninsa da bango bai fi taku ɗaya ba. A rufe ƙofar bayansa. Sai a saki ruwa daga sama, ka ga yana tafasa a gindin bango, ma'aikacin jirgin yana ciro igiya daga wani turke yana mayarwa na sama da shi, jirgin na tasowa a hankali har motar matuƙin da ke ɗaure a bayansa da labulen tagar ɗakinsa su zo daidai idonka. Ta Herne-Ost ta fi ban sha'awa, tana ɗaga jirgi fiye da mita 12.

Kafin Wanne-Eickel akwai wata lanƙwasasshiyar gada kamar lauje, Grimberger Sichel. Daga nan hanyar Erzbahn ta tashi, tsohon layin dogon da ke kai ma'adinin ƙarfe Bochum, kimanin kilomita 10 babu mota. Ratse ne mai kyau ga mai kwana uku.

Abinci a hanya daga 'yan rumfunan da ake kira Bude ko Trinkhalle ake samu, kuma su suna buɗewa har Lahadi. A riƙe tsabar kuɗi, ba duka ke karɓar kati ba. Currywurst, abincin da yankin ya shahara da shi, galibi naman alade ne, sai a tambaya. Robar ruwa da gwangwani akwai kuɗin ajiya santi 25 (rubu'in yuro) a kansu, ana karɓa in an mayar kanti.

Abubuwan da ke kayar da mutane a wannan ɓangare ƙanana ne. Turakun ƙarfe da ake kafawa a tsakiyar hanya don hana mota: na gaba yana ganinsu, na bayansa ba ya gani, don haka na gaba ya nuna da hannu ya kuma faɗa. Dogayen sandunan masu kamun kifi da ke gicciye a hanya. Igiyar kare mai miƙewa, wadda ba a ganinta sai an zo kanta. Kashin dinya a kan kwalta, mai santsi in ya jiƙe. Ƙarƙashin gada hanya takan tsuke ta yi kwana, ba a ganin mai zuwa, kuma sau da yawa babu shinge tsakaninka da ruwa. A rage gudu, a buga ƙararrawa. A kan tsakuwa kada a damƙe birkin gaba a cikin kwana, a rage gudun tun keke na miƙe. Daga Mayu zuwa Yuli a kula da itatuwan da aka zagaye da jan kirtani ko aka sa wa gargaɗi, akwai wata tsutsa mai gashi da ke sa ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi, kada a zauna a inuwarsu. Wanka kuwa, za a ga matasa na yi, amma an hana shi kusa da gadoji, matakalu da tashoshin lodi. Jirgi mai lodi in zai wuce yana janye ruwan bakin gaɓa zuwa gare shi, bangon kanal kuma a wurare da yawa ƙarfe ne a tsaye, babu inda za a kama a fito sai an kai ga tsani.

In taya ta yi faci, kuma ta baya ce mai giya a cikin cibiya, kada a kwance ƙafar, mayar da ita wahala ce. A kwantar da keken, a ɓalle gefe ɗaya na tayar, a zaro tub ɗin a bar bawul a wurinsa. A ɗan hura iska a nemo hujin da kunne ko da leɓe. A goge wurin da takarda mai kaushi fiye da faɗin facin, a shafa sholisho siriri, a jira minti biyar har ya daina ƙyalli. Gaggawa a nan ce ke sa faci ya ɓalle. A danna facin da ƙarfi na minti ɗaya. Kafin a mayar, a bi cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙwayar kwalbar da ta huda tana nan a maƙale, za ta sake hudawa. A sa iska kaɗan, a duba tub bai leƙo ta ƙarƙashin bakin taya ba, sannan a cika.

A Castrop-Rauxel Emscher na ratsawa ta ƙarƙashin kanal ya koma ɗaya gefen. Kaɗan gaba sai tsohon injin ɗaga jirage na Henrichenburg, a yankin garin Waltrop. Sarkin Jamus Wilhelm na biyu ne ya buɗe shi a 1899. Jirgi yakan shiga wani kwami cike da ruwa, kwamin na zaune a kan manyan tuluna biyar na ƙarfe masu iska a ciki, kowane yana iyo a cikin ruwan rijiyarsa. Tunda tulunan sun ɗauke nauyin, ƙara ruwa kaɗan a kwamin ya isa ya saukar da shi, rage kaɗan ya ɗaga shi, tsayin mita 14, wasu dogayen sukurori huɗu suna riƙe shi kada ya karkace. Ya yi aiki kusan shekara 70, yanzu gidan tarihi ne, kuma a kewayensa akwai tsohuwar matakala ta 1914, sabon injin 1962 da matakalar 1989 wadda ita ce ke aiki yau. A isa kafin ƙarfe huɗu don a samu lokacin zagayawa.

Komawa

Waltrop da maƙwabcinsa garin Datteln ba su da jirgin ƙasa na fasinja, wannan yakan ba mutane mamaki da yamma. Ko dai a koma tashar Castrop-Rauxel, 'yan kilomitoci kudu, ko a bi kanal ɗin Dortmund-Ems kimanin kilomita 15 zuwa Dortmund. Jirgin RE3 yana bin garuruwan kanal ɗin, Castrop-Rauxel, Herne, Wanne-Eickel, Gelsenkirchen, Oberhausen har Duisburg, don haka ko a tsakiyar tafiya ruwa ya tsuge ko gwiwa ta ƙi, tasha ba ta da nisa. Keke yana da tikitinsa daban, FahrradTicket, ko da mutum na da tikitin wata na ƙasa baki ɗaya. A tsaya a dandamali daidai taragon da ke da hoton keke a ƙofa, a cire jakunkuna kafin jirgi ya iso, a kuma guji ƙarfe huɗu zuwa shida na yammacin ranakun aiki, don in wurin ya cika masu keken guragu da na jarirai ake fara ba wa, mai keke ya jira na gaba.